Martani: Sifirin Ƙofar Gareji Ba Wurin Koyon Aiki Ba Ne

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan gyaran ƙofar gareji, inda ya shawarci magidanta su daina kiran masu gyara, su riƙa yin aikin da hannunsu. Hujjarsa ita ce rayuwa ta yi tsada, masu walda da masu gyaran ƙofa sun mai da magidanci saniyar tatsa, kuma babu abin da suke yi wanda mutum ba zai iya koya ba in ya zauna da wayarsa ya kalli bidiyo biyu ko uku a YouTube. Har ya kai ga koyar da yadda ake ɗaure sifirin ƙofa da sukundireba biyu. Ya ce in sifirin ya tsinke a kai wa mai walda ya liƙe, in kuma na'urar da ke hana ƙofa mai inji rufewa ta cika damun mutum, ya cire ta ya huta.

Malam, ba na shakkar niyyarka, kuma kukan da ka yi na gaskiya ne. Akwai masu gyaran da za su tarar da taya ɗaya ce ta lalace, su ce wa maigida ƙofar gaba ɗaya ta mutu. Akwai waɗanda ke karɓar kuɗin sabon kaya su sa tsoho da aka goge aka yi wa fenti. Duk wanda ya taɓa gini ko gyaran gida ya sha irin wannan. Amma maganin da ka kawo ya fi cutar haɗari, domin ka haɗa aikin da yaro ɗan sakandare zai iya yi da aikin da ke karya hannu da muƙamuƙi, ka ɗora su a faifai ɗaya ka miƙa wa jama'a. Akwai layi a tsakaninsu, kuma ba ka ja shi ba.

Layin nan yana wurin sifirin. Ƙofar gareji ta ƙarfe, irin mai ɗagawa sama, tana kaiwa kilo 60 in ƙarama ce, babba kuwa ta wuce kilo 150. Mu ɗauki ta kilo 100, wato nauyin buhun siminti biyu. Me ya sa mace ko dattijo ke ɗaga ta da hannu ɗaya? Saboda akwai sifirin da aka murɗa a kan sandar ƙarfen da ke saman ƙofar, an cika shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinta. Igiyoyin ƙarfe biyu suna saukowa daga wannan sanda ta gefe da gefe, suna kama ƙofar ta ƙasa. Hannun mutum ɗan taimako kawai yake yi. Ko inji ma, in akwai shi, jagora yake yi. Sifirin ne ke ɗaukar kayan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma rubutunka bai faɗa ba, shi ne lokacin da ƙofar ke rufe, tana zaune lafiya a ƙasa kamar babu abin da ke faruwa, a lokacin ne sifirin ya fi cika da ƙarfi. Mai gyara na koyo yana ganin ƙofa a rufe sai hankalinsa ya kwanta ya ɗauko sifana.

A ƙarshen sifirin akwai wani kan ƙarfe mai ramuka huɗu. A cikin ramukan nan ake zura sandunan ɗauri, ana murɗawa rubu'in zagaye bayan rubu'in zagaye. Ƙofa mai tsayin ƙafa 7, wato mita 2 da ɗan wani abu, tana cin wajen rubu'i 30, kusan zagaye bakwai da rabi. Sandunan da aka ƙera don wannan aiki ƙarfe ne mai tauri, tsayinsu wajen inci 18, kaurinsu kuma an auna shi ya cika ramin tam babu girgiza. Yanzu ka dubi sukundireban da ka ce a yi amfani da shi. Bakinsa falle ne, jikinsa siriri, yana rawa a cikin ramin. Mutum yana kan tsani, hannu ɗaya riƙe da wanda ke ɗauke da ƙarfin sifirin gaba ɗaya, ɗaya hannun yana laluben rami na gaba, tafinsa ya jiƙe da gumi, fuskarsa kuma tana daidai saitin ƙarfen domin yana son ganin ramin. A rubu'i na biyar ba zai ji komai ba, zai ma ce ashe abin da sauƙi. A na ashirin da biyar ne sukundireban zai zame ko ya lanƙwashe. Sifirin zai warware cikin ƙiftawar ido, ya harba abin da ke ramin inda ya ga dama, kuma abin da ke gabansa shi ne yatsu, haƙora da ido. In mutum ya tsira daga wannan, sauran faɗowa daga tsani a kan daɓen siminti.

Su kansu masu sana'ar da suka shekara suna yi, ba sa tsayawa a saitin sandar. Gefe suke komawa, su sa gilashin kare ido, su datse ƙofar a kan layinta da filaya mai kullewa don kada ta zabura sama. Waɗannan ƙananan ɗabi'u ne da hannu ke koya a gaban ubangida, ba a samunsu daga bidiyon minti goma.

Batun liƙe sifirin da walda kuwa, ko maƙerin gargajiya zai gaya maka illarsa. Ƙarfen sifirin an dafa shi an shayar da shi a masana'anta ta yadda zai lanƙwasa ya dawo. Zafin walda yana ɓata wannan dahuwa a wurin da aka liƙe da kewayensa, sai wurin ya yi laushi ko ya yi gautsi. Zai iya riƙewa na kwanaki, har maigida ya yi murna ya ce ya tsira da kuɗinsa. Ranar da zai sake tsinkewa ba ya sallama, kuma yana iya zama lokacin da ƙofar ke tsakiyar tafiya, mota ko mutum na ƙarƙashi. Bayan haka, sifirin ba ya tsinkewa don tsautsayi kawai. Gajiya yake yi. Wanda aka saba sawa an yi shi ne don buɗewa da rufewa wajen sau 10,000. Gidan da ake buɗe gareji sau 4 a rana zai cinye wannan cikin kusan shekara 7. In ya tsinke a wuri ɗaya, sauran jikinsa ma ya sha irin wahalar da wurin ya sha. Shi ya sa in ƙofa tana da sifirin biyu, ɗaya ya tafi, masu gaskiya cikin masu gyara ke cewa a sauya su tare. Wannan ba ya cikin cutar da kake kuka da ita. Kuɗin aiki sau ɗaya ya fi sau biyu sauƙi.

Akwai kuma abin da bidiyoyin da ka dogara da su ba za su gaya maka ba. Yawancinsu a Amurka aka ɗauke su, a kan irin ƙofar can. Ita wannan ƙofa mai ɗagawa sama wani Ba'amurke ne, C. G. Johnson, ya ƙirƙiro ta a 1921, ya biyo da injin buɗe ta na lantarki a 1926, kuma shekaru ɗari ke nan masana'antunsu suna daidaita ma'auninta. Mai bidiyon ya san nauyin ƙofarsa, ya san lambar sifirinsa, ya saya daidai da ita. Mu fa? A Kano da Kaduna da Zariya da Maradi, abin da ya fi yawa a gareji da shaguna shi ne ƙofar naɗi, wadda fallayenta ke naɗewa a jikin ganga a sama, sai kuma ƙofar da mai walda ya haɗa a unguwa da ƙarfen da ya samu, babu takarda, babu wanda ya taɓa ɗora ta a sikeli. Ita ƙofar naɗi sifirinta a cikin gangar yake, ido ba ya ganinsa. Wanda ya kwance notin da ke riƙe da sandar tsakiya, ko ya raba fallayen da gangar alhali ƙofar tana ƙasa ba tare da ya kulle gangar ba, gangar za ta juya da ƙarfin da hannu ba zai tare ba. Mutum ya koyi darasi a kan wata ƙofa ya zo ya gwada a kan wata daban, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ka zaga kasuwa da sassafe lokacin buɗe shaguna ka ga abin da nake nufi. Za ka ga yaron shago ya durƙusa ya kama ƙasan ƙofa, ya yi nishi ya cira ta zuwa ƙugu, ya sa kafaɗa ya tura, sannan ya jawo wani guntun katako ya tokare ta. A ƙarƙashin wannan katako masu saye za su yini suna shiga suna fita, har da mata masu goyo. Ƙofar da sai an tokare ta ta riga ta sanar cewa sifirinta ya mutu ko ya saki. Irin wannan maigidan shago ne zai karanta rubutunka ya ce to, ga hanya, bari in sa yaro ya hau ya murɗa. Shi ba zai hau ba. Yaron zai hau.

Kada a ɗauka ina cewa maigida ya naɗe hannu. Mafi yawan abin da ke damun ƙofa yana cikin ikonsa, kuma a nan ne arahar gaskiya take. Kafin komai, in ƙofar mai inji ce a zare filoginta daga wuta. A share layin da tayoyi ko fallaye ke bi da busasshen tsumma da buroshi, domin ƙurar hunturu da tsakuwa ne ke sa ƙofa cijewa fiye da komai. A bi notuna da hinjin tsakiya a ɗaure waɗanda girgiza ta kwance. A kankare tsatsar da ruwan damina ya bari a ƙasan ƙofa, a shafa jan fenti na hana tsatsa kafin ta ci ta huda. Robar ƙasa in ta cinye, sauya ta aikin minti kaɗan ne. Rimot in ya ƙi, a fara duba batiri kafin a kira kowa. Inda hannu zai tsaya shi ne sifirin, igiyoyin ƙarfe, ganga, da maƙalan nan biyu na can ƙasa inda igiyoyin suka kama ƙofar. Wasu kamfanoni suna yi wa kusoshin waɗannan wurare jan launi don gargaɗi.

Shafa mai ma akwai gyara a abin da ka rubuta. Ka ce a kwarara baƙin mai a layin ƙofa. A ƙasarmu mai ƙura, baƙin mai da giris a cikin layi tarkon yashi ne. Cikin makonni za su zama taɓo mai cin ƙarfe, tayoyi su daina juyawa su koma ja. Layi a bar shi a bushe da tsabta. Mai kaɗan, irin na silikon ko farin giris na feshi, a hinji da boris na tayoyi ake sa shi, a ɗan fesa wa sifirin daga nesa don tsatsa, a goge ragowar.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata kowane maigida ya iya, kuma ba ya cin ko sisi. A rufe ƙofar, a raba ta da inji ta hanyar jan igiyar injin mai jan mariƙi, sannan a ɗaga ta da hannu zuwa rabi a saki a hankali. Lafiyayyar ƙofa za ta tsaya nan ko ta ɗan motsa. In ta rikito ƙasa, sifirin ya saki. In ta zabura sama, an cika masa ɗauri. A kula, wannan igiya ana jan ta ne ƙofa tana ƙasa a rufe. Wanda ya ja ta ƙofa na sama alhali sifirin a tsinke yake, ƙofar za ta faɗo da dukkan nauyinta. Shi tsinkewar sifirin ba ya ɓoyuwa: ana jin ƙara kamar harbin bindiga, in an duba sama za a ga ya rabu biyu da rata kamar faɗin yatsu uku. Daga wannan lokaci kada a sake kunna inji. Tilasta masa jan ƙofar da babu sifirin zai cinye haƙoransa ko ya ƙona shi, ko ya lanƙwasa fallen sama, asara ɗaya ta zama uku.

To ta yaya za a tsira daga cutar masu gyara, tunda ita ce asalin kukanka? Da sani, Malam. Mai gyara yana cutar wanda bai san sunan ciwon ƙofarsa ba. Maigidan da ya ce ƙofa ta lalace, zo ka duba, ya miƙa wuya. Wanda ya ce sifirin hagu ya tsinke, igiyoyi lafiya, layi lafiya, nawa ne aikinka, an san ba a yi masa dogon labari. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun farko. A tambayi mutum biyu ko uku. In ana so, a tafi tare da mai gyaran a sayo kayan, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, a tafi da tsohon sifirin a hannu domin kaurin wayarsa, faɗin cikinsa, tsayinsa da ɓangaren da aka murɗa shi duk sai sun dace. A ce a bar wa maigida tsohon kayan da aka cire. A riƙe wani abu cikin kuɗin aiki har sai an yi gwajin rabi a gaban kowa. Kuma kafin mutum ya hau tsani, a dubi kayan aikinsa. In shi ma sukundireba ya fito da shi ko guntun rodi, a ba shi haƙuri a nemi wani, domin sunan mai gyara ba ya hana ƙarfe zamewa.

Haka kuma ba kowace ɓarna ce ke bukatar sabuwar ƙofa ba, a nan mun yi tarayya da kai. Ƙofar da mota ta daka da baya sau da yawa falle ɗaya ko biyu ne suka lotse. Ƙofar naɗi ana zare fallayen da suka lalace a zura wasu. Mai ɗagawa sama ma ɓangare-ɓangare take, ana sauya ɓangare ɗaya. Layin da ya ɗan karkace ana miƙe shi. Sai in ƙofar ta fita daga layi tana rataye a karkace, ko igiya ɗaya ta tsinke: wannan a kori yara daga wurin, kada a ja, kada a tura, a jira mai aikin. In gyaran ya haɗa da walda, a fitar da mota, jarkokin fetur da janareto daga garejin tukuna, a buɗe ko'ina iska ta shiga, domin hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunka shi ne shawarar cire idon ƙofa. Waɗannan ƙananan na'urori biyu da ke kallon juna a gindin ƙofa, da haske marar ganuwa a tsakaninsu, ba ado ba ne. Rayukan yara aka rasa kafin a sa su. A shekarun 1980 yara gommai sun mutu a Amurka a ƙarƙashin ƙofofin gareji masu inji, wasunsu suna wasan tsere da ƙofar tana saukowa. Wannan ya sa majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1990, kuma daga 1 ga Janairu 1993 duk injin ƙofar gida da aka ƙera don sayarwa a can dole ya zo da ƙarin kariya irin wannan, bisa ma'aunin da ake kira UL 325. Ana ɗaura idon bai wuce inci 6 daga ƙasa ba, wato santimita 15, don ya ga yaro mai rarrafe. Gidajenmu sun fi nasu yawan yara, ga na maƙwabta, ga almajirai, kuma bakin gareji wurin wasa ne. In idon yana hana ƙofa rufewa ba gaira ba dalili, galibi ƙura ce ta rufe gilashinsa, ko an buge shi ya daina kallon ɗan'uwansa, ko rana ce ke haska shi kai tsaye. Tsumma da ɗan daidaitawa sun isa. Sau ɗaya a wata a shimfiɗa katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa a rufe ƙofar a kansa. In ta taɓa shi ba ta koma sama ba, a daina amfani da injin har a gyara. Maɓallin bango a sa shi sama da mita ɗaya da rabi, rimot kuma kada ya zama abin wasan yara.

Ga kuma ɗauke wuta, wanda mu ne ya fi shafa. Bayan gobarar daji ta 2017 a jihar Kalifoniya, inda wasu mutane, yawancinsu tsofaffi, suka kasa buɗe garejinsu da wuta ta ɗauke har ajali ya same su, jihar ta wajabta batirin ko-ta-kwana a kan sababbin injinan ƙofa daga Yulin 2019. Su shekara-shekara suke ganin ɗauke wuta, mu kullum. Saboda haka ƙofar da ba ta ɗaguwa da hannu cikin sauƙi kurkuku ce ranar da gobara ta tashi ko naƙuda ta zo da tsakar dare. Wannan ma sifirin ne ke yanke hukuncinsa, kuma shi ya sa ba abin da za a bar wa gwaji ba ne. Get mai turawa a kan taya ba shi da sifirin, amma nasa haɗarin shi ne ficewa daga layi ya kife. A tabbata ƙarfen tsayarwa na ƙarshen layin da tayoyin riƙo na sama suna nan da ƙarfinsu.

Ka yi lissafin abin da maigida zai ajiye in bai kira mai gyara ba, ba ka yi lissafin ɗori, ɗinki, hoton ƙashi da makonnin da mai neman na yau da gobe zai yi hannu a rataye ba. Garin neman gira ake rasa ido. Kuɗin aikin ɗaure sifirin ana biyansa ne sau ɗaya a shekaru da dama, kuma shi ne kaso mafi cancanta cikin duk abin da za a kashe wa ƙofa.

Ina roƙonka, Malam, don girman Allah ka sake rubutu ka janye shawarwari ukun nan: ɗauri da sukundireba, liƙe sifirin da walda, da cire idon ƙofa. Mutane sun yarda da alƙalaminka, kuma wani zai gwada. Kai kuma mai karatu, share ƙofarka, shafa mata mai, gwada ta, yi ciniki da idonka a buɗe. Amma in maganar ta kai kan sifirin, igiya ko ganga, sauko daga tsani ka kira wanda ya iya.